In Kin Dawo Kya Ci

A kamfanin sabulu babu wanda ya riƙe sunanta na yanka. Kowa Ƙara-Kaɗan yake ce mata, domin abin da take faɗa ke nan tun daga kunna wuta har wanke tukwane. Ita ce mai rabo a ɗakin cin abincin ma'aikata. Takan tsaya bayan dogon tebur da ludayin ƙarfe mai lanƙwasasshen hannu, ma'aikata na wucewa a layi da farantansu, ita kuwa ba fuska take kallo ba, wuyan hannu take kallo. In ta ga ƙashi ya fito, ludayi ya koma tukunya ke nan, ko mai farantin ya so ko bai so ba.

Kamfani yana da doka: ludayi ɗaya na shinkafa, ɗaya na miya, nama yanka ɗaya. An rubuta an manna a bango daidai bayanta, kuma ta fi kowa kula da takardar, duk mako sai ta goge mata maiƙo. Manajoji sun zo sun wuce, kowanne ya kira ta ofis ya yi mata faɗa, ta ce to, sannan ta tambaye shi ko ya karya. An taɓa turo wani mai bincike daga hedikwata ya gano inda shinkafa ke zurarewa. Ya koma da rahoton cewa bai ga komai ba, da kuma sabon huji a bel ɗinsa. Daga nan ta yanke hukuncin da ta riƙe har tsufa, cewa duk wata doka a kan abinci wani ƙosasshe ne ya zauna a ofis ya rubuta ta don sauƙin aikinsa. Ita dai ba ta taɓa jin wanda ya mutu don an ƙara masa ba.

Mijinta direban motar kaya ne. Wata safiya gas ya ƙare, shayi bai tafasa ba, shi kuma ana ta yi masa hon a ƙasa. Ta ce ya dakata ta kai butar wajen maƙwabta. Ya ce, "Bari kawai, in na dawo na ci." Da la'asar aka zo aka shaida mata tayar gaba ta fashe a kan gada. Masu gaisuwa sun faɗi abubuwa da yawa, ita abu ɗaya ta ji, da yunwa ya tafi. Ba ta taɓa kawo wa kowa wannan a matsayin dalili ba. Sai dai tun daga ranar babu wanda ya sake fita ƙofarta da wannan maganar a bakinsa. Mai gyaran famfo ya san haka, mai duba mita ma ya sani, shi ya sa yakan bar gidanta sai ƙarshe.

Da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango. Ta karɓi agogon, ta kuma saka ludayin a jaka ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta koma hawa na biyu na wani bene wajen autanta, mai gyaran firji, da matarsa da ke koyarwa a firamare, wadda kowa ke kira Malama. A nan Allah ya jarrabe ta da jika.

Yarinyar shekararta shida, kuma duk benen Tsinke ake ce mata. Matar da ta ƙiɓantar da ma'aikatan kamfani guda, har da masu gadi, ga jikarta iska na kaɗa wa riga. 'Yan wuya ne suka sa yarinyar gaba, wato tsokar nan biyu da ke can cikin maƙogwaro, ɗaya dama ɗaya hagu. Nata sun kumbura har sun kusa gaisawa. In ta yi barci munsharinta kamar tsohuwar mota a kan tudu, wani lokaci numfashin ya tsaya cak, sannan ya dawo da gurnani. Zazzaɓi kuwa ba ya nisa, in ya tafi kamar ya manta wani abu ne zai dawo ɗauka. Loma ɗaya sai ta yi ta juya ta a baki har ta huce. Ƙara-Kaɗan ta gwada lallashi, ta gwada tatsuniya, ta gwada fushi. Abin yana ci mata rai ƙwarai, har ta daina sauka da yarinyar wajen matan ƙasa, don kada wata ta sake cewa, "Ke da kike dafa wa duniya."

Likita ya leƙa da fitila ya ce sai an cire. An daɗe ana jiran layi kafin a ba su rana. Nas ta zaunar da su uku ta yi bayani: daga tsakar dare babu abinci, babu madara, babu ko biskit. Ruwa zalla kaɗan da asuba, shi ke nan. Ta maimaita, ta dubi tsohuwar ta sake maimaitawa. Ƙara-Kaɗan ta ce to, irin to ɗin da manajoji suka sha ji. Ta fahimci komai sarai. Ta kuma fahimci dalili, a ganinta: ba sa son yara su yi musu amai a zanin gado, su bar su da wanki.

Ranar aikin, Auta yana ƙasa yana fama da mota, Malama tana banɗaki. Tsinke ta shigo kicin da rigar barci, ta jingina da firji.

"Kaka, cikina yana kuka."

A shekara biyu wannan ne karo na farko da yarinyar ta nemi abinci da bakinta, kuma za a kai ta inda ake yanka mutane. Ƙara-Kaɗan ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta ɓare dafaffen ƙwai, ta murƙushe shi da cokali, ta zuba madara rabin kofi. Yarinyar ta cinye tas. Kakar ta goge mata baki da gefen zani, ta naɗe ɓawon a takarda ta tura can ƙasan kwandon shara.

"Ƙawata, wannan tsakaninmu ne."

"Ko Abba?"

"Ko Abba."

A asibiti aka sa wa yarinyar riga mai igiya a baya, aka ɗaura mata wata roba mai sunanta a wuyan hannu. Robar sai da aka ƙara mata huji don ta zauna, kakar ta kawar da kai. Duk wanda ya shigo sai ya yi tambayoyi iri ɗaya. Wace ce wannan? Wane aiki za a yi mata? Akwai haƙorin da ke girgiɗi? Akwai maganin da jikinta ba ya so? Yaushe rabonta da abinci? Auta ya ce tun daren jiya. Ya faɗa wa nas ta farko, ya faɗa wa ta biyu, da gaskiyarsa. Ƙara-Kaɗan tana zaune a kujerar roba da jaka a cinya, tana mamakin asibitin da ba a iya gaya wa juna magana.

Sai likitar da za ta sa ta barci ta shigo, wata 'yar siririya mai hular leda. Kakar ta dubi wuyan hannunta ta ji tausayi. Likitar ta durƙusa gaban yarinyar ta nuna mata abin da za a ɗora mata a hanci, ta ce ta gwada hura shi kamar balan-balan. Sannan ta miƙe ta yi tambayar abinci, Auta ya ba da amsarsa karo na uku.

"Madalla," in ji likitar. "Amma nakan faɗi dalilin a gaban kowa, don kowane gida akwai mai tausayi. Barcin da zan sa ta ba irin na gida ba ne. Komai na jikinta zai saki, har abin da ke tare abinci kada ya taso. In akwai wani abu a cikinta, zai iya hawowa ya gangara huhu, ita kuma ba za ta iya ko tari ba. A kan abin da bai taka kara ya karya ba ake rasa yaro." Ta sunkuya. "'Yan mata, kin ci wani abu yau?"

Tsinke ta dubi kakarta. Ta dubi likitar. Ta girgiza kai.

Yarinya ce mai riƙon amana, wannan kam ta gado. Aka ɗaga ƙarafunan gefen gadon, wani ma'aikaci ya taka birki ya saki, gadon ya fara tafiya. Ba a yi maganar zanin gado ba, ba a yi maganar wanki ba. Gadon ya kai bakin ƙofa.

"Ƙwai ɗaya," in ji ta.

Kowa ya juyo.

"Dafaffe. Da madara rabin kofi. Ni na ba ta, ɗazu kafin mu fito."

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa ma'aikacin ya dawo da gadon. Ta zo ta tsaya gaban tsohuwar ta ce, "Mama, na gode da kika faɗa." Kakar ta so a ce zaginta aka yi. Aka bincika ko za a iya saka yarinyar da yamma, aka ce babu gurbi, sai wani watan. Aka yanke robar da almakashi aka jefa a kwando.

A mota Tsinke ta ce, "Kaka, ke kika fasa, ba ni ba."

Auta ba mai faɗa ba ne, mutum ne da ya saba sauraron firji ya gane ciwonsa. Bai ce wa uwarsa komai ba. Da dare ta zuba masa abinci, ya ce, "Na ƙoshi, Mama." Washegari ma haka. Ya koma cin burodi a shago, ya dawo yana warin kifin gwangwani, ya gaishe ta da ladabi, ya ce ya ƙoshi. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi, kuma ya san haka, ɗanta ne. Ta sauke babbar tukunya daga kan wuta, ta wanke, ta sa Malama ta ɗora mata a saman kabad.

Cikin watan jiran zazzaɓi ya dawo, mai zafi fiye da na baya. Ƙara-Kaɗan ta zauna gefen gado tana matse tsumma a ruwa, tana sauraron numfashin nan mai tsayawa. Ba ta buƙaci a gaya mata ba, ta san wannan zazzaɓin nata ne, ita ta dafa shi ta ɓare.

Ana gobe aikin Auta ya ce, yana kallon takalminsa, ko Mama za ta kwana gidan babbar yayarsa. Malama ce ta amsa.

"A'a. In babu Kaka yarinyar nan ba za ta shiga mota ba. Mama, za ki iya?"

"Zan iya," in ji tsohuwar, ba tare da ta san ko gaskiya ta faɗa ba.

Da safe ta shiga kicin ta tsaya, ba ta kunna komai ba. Ba ta taɓa lura ɗakin yana da faɗi haka ba. Ta ji takun ƙafa. Tsinke ta jingina da firji, daidai inda ta jingina wancan karon.

"Kaka, ko rabi. Ba zan faɗa ba."

Akwai ƙwai a kwano, nesa da hannunta bai fi taku ɗaya ba. Akwai kuma magana ɗaya da ake faɗa wa yaro a irin wannan lokaci, kowace uwa ta san ta, ita kuwa ta yi rabin rayuwarta tana hana a faɗe ta a gidanta. Ta nemi wata ta rasa. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta gyara wa yarinyar wuyan riga.

"In kin dawo kya ci."

Tsinke ta turo baki ta fita. Kakar ta dafa tebur ta daɗe a haka. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ba ta ji ba tun ranar gada.

Wannan karon da aka yi tambayar, likita mai hular leda kakar ta kalla. "Babu," in ji Ƙara-Kaɗan. "Ko ƙamshi ba ta ji ba." Gadon ya wuce ƙofa, ƙofar ta rufe kanta.

Barandar jira tana da kujeru a jere da talabijin marar murya. Wani mutum a gefenta yana jiran matarsa, wuyan hannunsa duk ƙashi, kuma ba ta da abin da za ta miƙa masa, don da gangan ta fito da jaka babu komai. Ta riƙe hannayenta biyu a cinya kamar kayan aro. Duk sanda ƙofar ta motsa sai ta miƙe. Auta ya yi ta kai da kawowa, Malama tana motsa baki tana addu'a. Sai ga nas ta leƙo ta ce an gama, ta farka, tana kuka, kuma kukan alama ce mai kyau.

Sun same ta kwance a gefe ɗaya, miyau na zuba a kan tawul, muryarta a dishe. Kakar ta taɓa ƙafarta ta ji ɗumi. Ta dawo. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta je banɗakin asibiti ta buɗe famfo ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito tana cewa sabulunsu ba shi da kyau.

Kafin sallama nas ta sake zaunar da su. Maganin rage zafi a ba ta a kan lokaci, ko tana kuka ko ba ta yi, kada a jira ciwon ya taso. A auna da sirinjin da aka ba su, ban da cokalin kicin. Kada a ba ta asfirin ko wani magani da maƙwabta suka ce yana da kyau. Za su ga fari-fari a maƙogwaron, ba ruɓa ba ce, miki ne ke warkewa, kada a taɓa. Kunne zai iya yi mata ciwo. In suka ga jini ja yana fitowa, kada a tsaya shawara, a dawo da ita nan take.

"Babban aikin kuma," in ji nas, "sai ta sha ruwa sosai, sai ta ci. In maƙogwaron ya bushe ciwon ƙaruwa yake. Za ta ƙi. Wa zai iya da ita?"

Auta ya dubi ƙasa. Malama ta dubi surukarta.

Ta ƙi kuwa. Ko miyau za ta haɗiye sai ta runtse ido ta kama zanin gado. Ƙara-Kaɗan ta yi shekara da shekaru tana ɗura wa mutane abinci da ƙarfin hali, yanzu sai ta ga wannan hanyar ba ta da amfani. Ta kafa agogon ritaya a bangon ɗakin yarinyar, karo na farko da ya yi wani aiki. In lokaci ya yi ta ja magani a sirinji daidai kan layi, ta ɗaga shi saitin taga ta duba, ita da ba ta taɓa auna komai daidai ba a rayuwarta. Ta ba ta, sannan ta zauna ta jira maganin ya kama. Sai ta kawo ruwan sanyi kurɓi ɗaya. In ya wuce, ayaba murƙusasshiya a bakin cokali. In yarinyar ta kawar da kai, kakar takan buɗe baki, kalmomin nan biyu su zo har kan harshe, ta haɗiye su ta ajiye cokalin. Ta samo wata 'yar tukunya da ake ɗumama madara, a ciki take dafa shinkafa mai laushi, ita ma rabi ake zubarwa. Kullum tana rage awon.

Wajen mako guda, lokacin da kowa ya ɗauka an haye, ciwon ya dawo sabo, har kunne. Wata daga cikin matan ƙasa ta hawo ta leƙa bakin yarinyar ta ce wannan farin ai sai an goge shi da auduga, ta kuma zaro wata ƙwayar magani daga jaka. Ƙara-Kaɗan ta raka ta har bakin matakala, ba ta ko ba ta ruwa ba. An yi kwanaki ana maganar a benen.

Wata rana da azahar yarinyar ta yi barci, gidan ya yi tsit. Kakar tana wanke kofi ta ji shirun ya yi yawa. Ta shiga da sauri da kumfa a hannu, ta sunkuya ta kara kunne. Numfashi ne yake shiga yana fita ta hanci, sannu a hankali, babu gurnani, babu tsayawa. Ashe haka yara ke barci, ta manta.

Bayan 'yan kwanaki, da magariba, Tsinke ta ce ita a kicin za ta zauna. Kakar ta juye mata abin da ke 'yar tukunyar, shinkafa da ƙwai, bai rufe tsakiyar faranti ba. Ta juya baya tana goge tebur, don ta koyi cewa kallo ma yana hana ci. Ta ji cokali yana bugun faranti. Ta ji ya ci gaba da bugu. Auta ya dawo daga shago, ya tsaya bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, zai yi gaisuwar da ya saba.

"Kaka," in ji yarinyar da sabuwar muryarta, siririya, "ƙara min."

Ƙara-Kaɗan ta ɗauki ludayin ƙarfe, ta nufi 'yar tukunyar. Ludayin ma bai shiga bakinta ba. Ta karkata ta saitin fitila ta leƙa. Babu ko ƙwayar shinkafa. Tun da take, ba a taɓa miƙo mata faranti ta rasa abin zubawa ba, sai yau, kuma wannan farantin ne ta yi shekara biyu tana jira. Ta tsaya da ludayi a hannu ɗaya, tukunya a ɗaya.

Auta ya ajiye jakarsa. Ya ja kujera ya hau, ya sauko da babbar tukunya daga saman kabad, ya hure ƙurar murfin, ya ɗauraye ta a famfo, ya ɗora a kan wuta.

"Ki sa da ni, Mama," in ji shi. "Ban ci komai ba tun safe."